Dakoro: Marurun duburar yara, a tsaga ko a ƙyale?

Ciwo ne da iyaye ba su cika son ambaton sunansa a gaban mutane ba. Uwa ce kan fara ganinsa, galibi lokacin da take yi wa jariri tsarki: ɗan kumburi ja a gefen dubura, bai wuce girman ƙwayar gyaɗa ba, ga tauri ga ɗumi, yaro kuma ya tsandara kuka da zarar an taɓa wurin ko ya zo yin kashi. Bayan kwana biyu ko uku sai kumburin ya nuna, bakinsa ya yi fari, mugunya ta taru a ciki. Maruru ke nan.

A gundumar Dakoro da ke arewacin jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna akwai mutum sama da dubu 600 warwatse a ƙauyuka da rugage, shawarar farko a tsakar gida ake yanke ta. Kaka ta ce basir ne, maƙwabciya ta ce ɗankanoma ne, wani ya ce a kira wanzami ya sa aska mugunyar ta fita kowa ya huta. Sau da yawa kuma akan buga waya ko a tura saƙon murya ga ɗan gidan da ke Yamai, Kano, Agadas, Libiya ko Aljeriya, tunda shi ne zai turo kuɗin mota.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, su kansu likitocin tiyatar yara na duniya bakinsu bai zo ɗaya a kan wannan ɗan ƙaramin maruru ba. Sun fi shekara 20 suna ja-in-ja. Wasu na cewa a tsaga, wasu na cewa a ƙyale shi ya warke da kansa. Sai dai kalmar "a ƙyale" a bakin likita ma'anarta daban da wadda ake nufi a tsakar gida, kuma a wuri irin Dakoro wannan bambanci ne ke raba yaron da zai warke cikin mako guda da wanda za a kai asibiti ranga-ranga.

Ba basir ba ne, ba kuma ƙazantar uwa ba ce

Daga cikin dubura, ɗan nesa kaɗan da bakinta, akwai wasu 'yan ƙananan ramuka a jere kamar aljihuna. A jikin wasu jarirai ramukan sun fi yadda aka saba zurfi, don haka kashi kan maƙale a ciki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Daga nan ciwon kan huda nama ya nufo fata, ya taru a gefen dubura. Wato marurun da ake gani a waje, daga ciki ya samo asali. Shi ya sa dangin miji ba su da hujjar ɗora wa uwa laifin rashin tsafta, abin da kan sa wasu matan ɓoye ciwon har ya yi nisa.

Kusan duk jariran da ke kamuwa da shi maza ne, kuma yawancinsu ba su kai shekara ɗaya ba. A watannin farko bayan haihuwa sinadarin maza kan ɗan hauhawa a jikin jariri namiji kafin ya sauka, kuma wasu masana na danganta yawan ciwon a tsakanin maza da wannan.

Basir na gaskiya, wato kumburin jijiyoyin jini a dubura, ba kasafai ake samunsa a jikin jariri ba. Ɗankanoma kuwa suna ne mai faɗi, jama'a kan zuba cututtuka iri-iri a cikinsa: ja da saɓulewar fata bayan doguwar gudawa, tsagewar bakin dubura saboda taurin kashi, fitar baya ga yaron da ya rame, har da shi marurun. Kowanne da maganinsa, kuma ido ne kawai ke bambance su. Idon ma na wanda ya koya.

Idan marurun ya fashe, ko aka tsaga shi, wani lokaci hanyar da mugunyar ta biyo daga ciki zuwa waje ba ta toshewa. Sai ta zama siririyar kafa mai ɗigar da ruwa ko mugunya, ta rufe yau, ta kumbura bayan mako biyu, ta sake fashewa a wuri guda. Likitoci na kiranta fistula. Mutanen jihar Maraɗi sun san kalmar ta dalilin cibiyar Danja, wadda tun 2012 take yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, to amma wannan ta jarirai ba ta da alaƙa da waccan, kuma ba ta kai ta muni ba ko kusa. A kan wannan hanyar yoyo ce duk gardamar likitoci ta ta'allaƙa.

Inda likitoci suka rabu

Tsohuwar ƙa'idar tiyata a fili take: inda duk mugunya ta taru, a buɗe mata hanya. Haka ake yi wa manya har gobe, domin marurun dubura a jikin babban mutum ba ya jin maganin sha kaɗai. Da wannan ƙa'ida aka daɗe ana yi wa jarirai aiki.

A shekarar 2000 wasu likitoci a birnin New York na Amurka, ciki har da Alberto Peña wanda ya yi suna a duniya kan tiyatar duburar yara, suka wallafa abin da suka gani a kan jarirai maza 18 da suka bi sawunsu ba tare da gaggawar ɗaukar wuƙa ba. Waɗanda zafi ko zazzaɓi ya dama ne kawai aka tsaga wa marurun. Da yawa daga cikinsu hanyar yoyon ta fito, amma ta rufe da kanta cikin watanni, ba a yi wa ko ɗaya aiki a kanta ba.

Nazarin da aka fi ambata ya fito ne a mujallar Pediatrics a 2007, daga asibitoci biyu a Amurka da Kanada. An duba bayanan jarirai 140 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 94 cikin 100 maza. An tsaga wa 83, a cikinsu 50 suka samu hanyar yoyo daga baya, wato kusan kashi 60 cikin 100. Sauran 57 ba a tsaga musu ba, kuma 9 ne kacal suka samu yoyon, kimanin kashi 16 cikin 100. Waɗanda aka haɗa musu da maganin kashe ƙwayoyin cuta sun fi samun sauƙi.

Alƙaluman suna da jan hankali, amma akwai inda ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Ba ƙuri'a aka jefa wajen raba yaran gida biyu ba. Tsofaffin takardun asibiti aka bincika. Likita kuwa ya fi saurin tsaga marurun da ya yi girma, ya ƙyale ƙarami. Ke nan mai yiwuwa wani ɓangare na bambancin ba daga wuƙar ya zo ba, daga girman ciwon ne tun farko.

Ɗaya ɓangaren kuma suna da tasu hujjar. Likitoci a ƙasashe irin su Ingila da Sweden da New Zealand sun ba da rahoton cewa idan aka sa yaro barci, aka tsaga marurun, aka nemo hanyar da ta haɗa shi da ciki aka buɗe ta a lokaci guda, ciwon bai cika dawowa ba. A wurinsu, matsalar ba tsagawa ba ce, tsagawa rabi-da-rabi ce: a fitar da mugunya a bar tushen. Suna kuma tambaya, me ya sa za a bar uwa ta yi wata shida tana share mugunya alhali aikin 'yan mintoci zai raba ta da abin? Akwai kuma masu bin tsakiya, waɗanda kan zuƙe mugunyar da sirinji su ba da magani.

Masu gudun wuƙa kan kawo batun maganin sa barci. A ƙarshen 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan sa yara 'yan ƙasa da shekara uku barci na sama da sa'o'i uku, ko a kai a kai. Sai dai wani babban gwaji da aka yi kan jarirai sama da 700, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya nuna barcin da bai kai sa'a ɗaya ba bai taɓa ƙwaƙwalwar yara ba da aka auna su suna shekara biyar. Aikin maruru bai kai ko rabin haka ba.

A Afirka abin dubawa ya wuce ƙwaƙwalwa. A 2024 Lancet ta buga binciken da ya bi yara 8,625 da aka yi wa tiyata a asibitoci 249 na ƙasashen Afirka 31. Kashi 18 cikin 100 sun gamu da matsala bayan aikin, kashi 2.3 kuma sun rasu, adadin da ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 11. Gaskiya ne manyan ayyuka da na gaggawa ne suka fi jawo mace-macen, ba irin wannan ƙaramin ba. Duk da haka ya isa ya nuna dalilin da ya sa likita mai hankali a karkara ba ya rawar jiki wajen sa jariri ɗan wata uku barci idan akwai wata mafita.

Duk da wannan saɓani, akwai abin da ɓangarorin suka haɗu a kai. Jariri ɗan ƙasa da shekara, mai ƙoshin lafiya, yana shan nono, ba zazzaɓi, marurun kuma ƙarami ne, ana iya jinkirta wuƙa a sa masa ido. Wanda marurunsa ya yi girma, ya cika da mugunya, ko jikinsa ya yi zafi, a buɗe masa. Maganin sha ba ya ratsa tarin mugunya mai yawa, ko wane iri ne.

Lissafin Dakoro daban ne

Jariran da aka yi waɗancan nazarce-nazarce a kansu, yawancinsu ƙosassu ne, gidajensu da famfo, asibiti kuma na kusa. Da likita ya ce a koma gida a dawo jibi, za a dawo jibin. Jinkirta tiyata tsari ne da aka gina shi a kan wannan dawowar.

Mai jinya daga wani ƙauye a yankin Kornaka ko Ajekoriya ko Birnin Lalle, ko daga rugar da ke can wajen kwarin Tarka, sai ya fara neman amalanke ko ɗan kabu-kabu zuwa ɗakin shan magani na ƙauye ko cibiyar lafiya ta CSI. Daga nan, idan abin ya fi ƙarfinsu, sai asibitin gunduma a garin Dakoro. Daga Dakoro zuwa Maraɗi, inda manyan asibitocin jiha suke, tafiyar sama da kilomita 100 ce. Ƙwararrun likitocin tiyatar yara kuwa ba su da yawa a ƙasar, kuma a manyan birane suke, musamman Yamai. Wannan ƙarancin ne ya sa tun tsakiyar shekarun 2000 Nijar ta shiga horar da likitoci gama-gari su riƙa yin tiyata a asibitocin gunduma, kuma tsaga maruru na cikin ayyukan da ba sai an dangana da babban birni ba.

Saboda haka ma'aikacin lafiya a nan yana auna abin da takwaransa na Toronto ba ya aunawa. Matar nan za ta iya dawowa nan da kwana biyu? Damina ce, hanya ta yanke? Makiyaya ne da za su tashi gobe? Idan amsar ita ce ba za a sake ganin yaron ba, to wani lokaci buɗe marurun nan take da allurar kashe zafi, ko kwantar da yaron kwana biyu a sa masa ido, ya fi a sallame shi da fatan alheri.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne tamowa. Sunan Dakoro ya shiga kafafen labaran duniya a lokacin yunwar 2005, sa'ad da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar ciyar da yara a garin. Daga baya ƙungiyar ALIMA da takwararta ta cikin gida BEFEN suka shafe shekaru suna tallafa wa aikin kula da yara masu tamowa a gundumar. Duk shekara, daga lokacin da rumbuna suka yi ƙasa har zuwa kaka, adadin yaran kan ƙaru, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa a kai.

Yaron da tamowa ta kama garkuwar jikinsa a raunane take. Abin da ya fi ban tsoro shi ne jikinsa kan kasa nuna alamar yaƙi da cuta: ƙwayoyin cuta na iya shiga jininsa ba tare da ya yi zazzaɓi ba, wani ma sanyi jikin zai yi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar jinyar tamowa mai tsanani ta tanadi a ba yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da ba a ga alamar ciwo ba. Don haka maganar "tunda ba zazzaɓi a jira" ba ta shafi ramammen yaro ba, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko wanda awon damtsensa ya faɗa ja. Irin wannan yaro, maruru komai ƙanƙantarsa a gindinsa dalili ne na zuwa asibiti a ranar.

Idan ciwon ya kuɓuce, yakan bazu ƙarƙashin fata zuwa maraina da cinyoyi, naman wurin ya fara mutuwa ya yi baƙi. Ba a littafi kawai ake karanta wannan ba. Farfesa Emmanuel Ameh, likitan tiyatar yara da ya daɗe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya wallafa nazari a 2003 kan yaran Zariya masu marurun dubura da yoyo, shi da abokan aikinsa kuma sun rubuta a kan jariran da aka kawo musu da irin wannan ruɓewar fata a gaba da gindi. Jinyarta doguwa ce, ana yanke mataccen nama, wani lokaci ba a tsira.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne zafin jiki, musamman ga jaririn da bai kai wata uku ba in ma'auni ya nuna 38, ƙin kama nono, yawan barci ko laƙwas, amai, kumburin ciki, jan da ke yaɗuwa fiye da inda ya fara, kumburin maraina, ko fatar wurin ta canza zuwa baƙi ko ta fara wari.

Aska, ruwan zafi da maganin tire

Wanzami mutum ne mai daraja a ƙasar Hausa. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke ƙaho, kuma a ƙauyuka da yawa ya fi kowane ma'aikacin lafiya kusa da jama'a. Fahimtarsa cewa mugunya na son hanyar fita ma ba kuskure ba ce. Matsalar wurin ne. A kewayen dubura akwai zoben tsoka da ke riƙe bayan gida, kuma a jikin jariri siriri ne ƙwarai. Likita ya san inda yake, ya san ta wace fuska zai tsaga da zurfin da ba zai wuce ba. Aska ta ɗan zarce kaɗan, yaro na iya tashi ba ya iya riƙe kashi, lalurar da gyaranta ke da wuya ko a babban asibiti. Ga zubar jini, wanda kaɗan ne jariri ke iya jurewa. Ga kuma haɗarin cutar sandarewar jiki, wato tetanus, idan ƙarfen bai tsarkaka ba ko aka shafa toka ko ƙasa a kan miki.

Matsewa da yatsu ma haka. Tana iya tura mugunyar ciki maimakon waje.

Sai batun gashi. Iyaye mata sun gaji al'adar gasa wa jariri jiki da ruwan zafi, kuma abin mamaki, a nan al'ada da asibiti sun kusa haɗuwa, domin zaunar da yaro cikin ruwan ɗumi shi ne ginshiƙin jinyar da ba tiyata. Bambancin a zafin ruwan yake. Ɗumi ake so, wanda uwa za ta tsoma gwiwar hannunta ta bar ta a ciki ba tare da ta ji zafi ba. Tafin hannun macen da ta saba da murhu ba ma'auni ba ne. Fatar gindin jariri ba ta da kauri, ƙuna a wurin kuma ta fi marurun wuyar warkewa. A tafasa ruwan, a bar shi ya huce, a zaunar da yaron cikin roba mai tsabta na kamar minti goma, sau biyu ko uku a rana da kuma bayan ya yi kashi, uwa na riƙe da shi. Ba a zuba kanwa, ba a zuba sassaƙe, ba a cusa komai a dubura. A tsane wurin da ƙyalle mai laushi, a yawaita canza famfas ko tsumma, a bar gindin ya sha iska. A ci gaba da ba da nono.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ma'aikacin lafiya ne ke zaɓar irinsa, ya auna shi da nauyin yaro, ya faɗi kwanakin da za a yi ana sha. Kafso ɗin da ake saya a tire ranar kasuwa, a fasa a barbaɗa a kan miki ko a jiƙa wa jariri, ya sha rana, ba a san ƙarfinsa ba, kuma ba lallai ya dace da ƙwayoyin cutar hanji da ke haddasa wannan maruru ba. Abin da yakan yi shi ne ya lafar da ciwon na kwana biyu, a ɗauka an samu sauƙi.

Idan yaro ya wuce shekara biyu

Duk rangwamen da ake magana a kai na jarirai ne. Yaron da ya wuce shekara biyu, marurunsa ya fi kama da na manya: yawanci sai an tsaga, kuma likita zai so sanin dalilin fitowarsa. A Turai da Amurka abin da suka fi nema shi ne cutar kumburin hanji da ake kira Crohn, wadda kan fara bayyana da maruru ko yoyo a dubura kafin ciwon ciki da rama su biyo baya. A yankinmu akan duba tamowa, ciwon suga, tarin fuka, cutar HIV, da cututtukan jini da ke rage ƙwayoyin garkuwa, ciki har da sankarar jini. Don haka idan aka ce za a ɗebi jinin yaro alhali maruru aka kawo, ba neman kuɗi ba ne.

Haka nan idan mace ce, ko marurun ya fito fiye da ɗaya, ko yana ta dawowa. Jaririyar da aka ga kashi na fita ta gabanta kuwa wata lalura ce daban da ke buƙatar ganin likitan tiyata.

Kuɗi, da wanda ke turo su

Tun 2006 dokar Nijar ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a asibitocin gwamnati. Sanannen abu ne cewa jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗinsu ya sha jawo yankewar magunguna, sai a rubuta wa iyaye takarda su saya a waje. A watan Agustan 2024 kuma gwamnati ta sanar da rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta daga 1 ga Satumba, abin da ya shafi yaran da suka haura biyar. Amma babu dokar da ta ɗauke kuɗin mota, da abincin mai jinya, da ranar aikin gona da za a rasa. Waɗannan ne ke sa a ce bari a ga gobe.

A nan ne ɗan uwan da ke birni ko ƙetare yake da ta cewa fiye da yadda yake zato. Shi ne mai waya da intanet, shi ne zai iya cin karo da rubutun da ke cewa bincike ya nuna ba sai an yi tiyata ba, ya tura gida cewa a bar yaro zai warke. Rabin magana ya isar. Jariran da suka warke ba tiyata sai da likita ya gan su, ya tabbatar maruru ne, ya tabbatar lafiyarsu ƙalau, sannan aka ci gaba da dawo da su ana dubawa. Hoto a WhatsApp ba ya nuna zurfin ciwo, ba ya nuna zafin jiki. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori hoto.

Tambayoyin da suka fi amfani a waya kaɗan ne. Watansa nawa? Yana shan nono kamar kullum? Jikinsa da zafi? Ya rame ko ya yi gudawa kwanan nan? An sa masa aska ko wani magani? Idan an riga an sa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya, domin hakan na canza maganin da zai bayar, har da batun rigakafin tetanus. Idan kuma za a tura kuɗi ta Nita ko Al Izza, a lissafa da zuwa biyu, na farko da na komawa a sake dubawa. Zuwa na biyun ne aka fi yin watsi da shi da zarar maruru ya fashe yaro ya daina kuka.

Fashewar kuwa ba ita ce ƙarshen zance ba. Idan bayan makonni aka ga ɗan rami a wurin yana ɗigar da ruwa, ko kumburin na dawowa a gurbi guda, hanyar yoyo ce ta samu. Ga jariri mai lafiya wannan ba abin gaggawa ba ne. Likitoci da dama kan jira har yaro ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, saboda da yawa kan rufe kafin nan, ana wanka da ruwan ɗumi ana kai shi dubawa. Idan ta ƙi rufewa, ko tana yawan tara mugunya tana hana yaro sakat, sai a yi aiki: a sa shi barci, a zura siririn ƙarfe ta bakin ramin har zuwa inda ya faro a ciki, a buɗe hanyar a bar ta ta cike da kanta daga ƙasa. Ta jarirai gajeriya ce, miƙaƙƙiya, kuma a sama-sama take, shi ya sa a hannun wanda ya ƙware ba ta cika taɓa tsokar riƙe bayan gida ba. Yawanci akan sallami yaro a ranar ko washegari, mikin kuma ya warke cikin 'yan makonni.